Kukan da Visko Ya Yi wa Bayan Akuya

A tsibirinmu na Morna, in ka tambayi masunci inda ya kamo kifi, zai dube ka cikin ido ya ce, "Bayan Akuya." Kai kuma ka ce, "Allah ya ƙara," kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya cuci wani, don ka san ƙarya yake yi, shi ma ya san ka sani. Tun kakanni haka ake. Akuya wani baƙin dutse ne can bayan tsibiri, ga nisa, ga ruwa mai ja, ga duwatsu masu cin raga, kuma kowa ya tashi ya tarar ana cewa ko ƙaguwa ba ta kwana a wurin. Shi ya sa ya zama inda ake jingina duk kifin da ba a son faɗin asalinsa. Har Fada, limamin cocinmu, in ya fita da 'yar fatsarsa ranar Litinin, a Bayan Akuya yake kamo nasa.

Sunana Domina. Na fi shekara talatin ina sayar da kifi a kan teburin dutse na bakin tashar jiragen ruwa, kuma mijina Visko shi kaɗai ne a garin nan da yake faɗin wannan magana da gaskiya.

Ubansa ne ya gano ramin kifin da ke can. Wata shekara injinsa ya mutu, ruwa ya ja shi har gindin Akuya. Yana zaman jiran mai jawo shi, ya jefa fatsa don rage takaici, sai ga zubatas, kifin nan mai haƙora irin na kare wanda masu otal suke rububinsa. Ya sake jefawa, ya sake jawo wani. Da ya dawo aka tambaye shi, ya ce Bayan Akuya, aka ce Allah ya ƙara. Daga nan tsohon ya kafa doka, Visko ya gaje ta tare da jirgin. Ba a kai raga wurin, sai fatsa. In kwando ɗaya ya cika a tashi. Lokacin ƙwai ba a zuwa. Ba a gaya wa kowa sai mata, ita ma sai ta haihu. Ni sai da na yaye 'yarmu ta biyu aka ga na cancanta.

Da ramin nan muka ci muka sha, muka yi rufin gida, muka aurar da 'ya'ya biyu. Ba mu yi arziki ba, amma tukunyata ba ta taɓa kwana a kife ba. Mutane kuwa ba makafi ba ne, suna ganin abin da yake saukewa a teburina. Sau da yawa sun bi shi a baya, Bepo a gaba, shugaban ƙungiyar masunta wanda ake ce wa Lasifika saboda ko raɗa ya yi sai an ji a makabarta. Da sun ga Visko ya karya kwana ya nufi Akuya, sai su zage shi su juyo. Bepo ya zo teburina yana huci.

"Domina, mijinki tantiri ne. Yau ma ya so ya ja mu Akuya mu ƙona mai a banza."

Na ce, "To wa ya aike ku?"

Su duk a Faranti suke su, wani fili mara zurfi da ake hangowa daga bakin tasha. Jirage ashirin a kan wuri ɗaya, kowa yana ganin kowa, kowa ya dawo ya rantse daga Akuya yake. Can da Faranti ya ciyar da garin nan. Amma suka yi ta tatsarsa, kowace shekara idon raga yana ƙara ƙanƙancewa, har aka kai inda Bepo zai kawo mini kifi kamar ɗan yatsana ya ce in sayar. Na ce masa, "Wannan ai ko baftisma ba a yi masa ba, mayar wa uwarsa." In ka tambaye su ina kifi ya tafi, laifin manyan jiragen ƙetare ne, laifin 'yan yawon buɗe ido ne, laifin gwamnati ne, har wata ma an ce ya canza hali. Ban taɓa jin wanda ya ambaci ragarsa ba.

A haka Dakta Tihana ta sauka a farkon bazara, aiken ma'aikatar kula da kifi daga babban birni. Yarinya ce mai hankali, ba ta da girman kai, kuma tana cin abin da aka ba ta. Kullum safiya tana gefen teburina da ɗan ma'auninta, ta auna tsawon kifi, ta tambayi mai shi, "Barba, a ina ka kamo?" Duk wanda ya girme ta Barba ne, yadda ake yi. Barba ya cire hula ya ce Bayan Akuya, ta danna a wayarta. Ta shafe bazara guda tana yi, ba wanda ya ja ta gefe ya gaya mata. Ni ma ban gaya mata ba, don ban san inda maganar za ta kwana ba, kuma a garinmu ba a tona wa baƙo al'ada, bari ake yi ya taka da ƙafarsa.

Ranar da ta kira taro a ɗakin taron coci, maza suka cika benci, mu mata muna baya. Ta yi bayani tiryan-tiryan. Ta ce kifi ya ƙare ne saboda ba a barinsa ya girma. In aka ware wuri ɗaya aka hana kowa jefa ko da fatsa, manyan za su zauna su yi ƙwai, 'ya'yan su cika wurin har su tumbatsa zuwa inda ake su. Ta ce an gwada a wasu tekuna an gani. Sai ta haska taswira a bango, da jan da'ira zagaye da Akuya.

"Na san abu ne mai ciwo," in ji ta, "tunda dukkanku a nan kuke samun abinci. Amma nan ne ya kamata a rufe."

Ina daga baya ina ganin ƙeyoyi suna sunkuyawa, kafaɗu suna rawa. Wani ya cusa hula a baki, wani ya tashi da gudu ya fita yana tarin ƙarya. Yarinyar nan, Allah Sarki, ta ɗauka baƙin ciki ne, har muryarta ta yi laushi. Gwamnati za ta hana su shiga wurin da ko da kuɗi ba za su je ba, a bar musu Farantinsu su ci gaba da tatsa. Ina za su kai wannan daɗi?

Sai ta ce ai ba ta tsaya a kan maganarsu kawai ba, ta je da kayan nutso ta duba. Ta haska hotuna. Ga su nan, zubatas manya-manya suna shawagi a bakin raminmu, wani har yana kallon na'urar kamar ya san ni. Na ce shi ke nan, asiri ya tonu. Sai na ji raɗar Bepo, wadda ta isa har layinmu.

"Kun ga yarinyar nan ta koyi halin gari. Bazara ɗaya a Morna har ta iya ƙarya da hoto."

"Kifin wasu ta kwaso a kwamfuta," in ji na kusa da shi. "Ita ma ai albashinta take karewa."

Abin da ya cece mu ke nan. Mutumin da ya shekara sittin yana ƙarya ba ya gane gaskiya ko an haska masa ita a bango.

Visko ne ya kusa ɓata komai. Mutumin da ba ya magana a taro, sai na ga ya miƙe, fuskarsa fari fat, hannunsa riƙe da bencin gaba. Ya ce, "Ba zai yiwu ba." Ya koma ya zauna daɓas. Mazan suka juyo suna kallonsa cike da sha'awa, Bepo har da gyaɗa kai.

Da aka watse, a bakin ƙofa, Bepo ya dafa kafaɗarsa.

"Ɗan'uwa, ashe haka ka iya? Wallahi ni kaina saura kaɗan in yarda. Ka ga, tunani ya zo mini. Babban jami'i zai zo ya sa hannu. Me zai sa mu ba su Akuya kyauta? Mu yi musu kuka, su share mana hawaye da injin ƙanƙara. Kai za ka yi mana magana."

Visko ya ce shi bai iya magana ba. Bepo ya ce wannan rashin iyawar ita ake nema.

A gida bai taɓa abinci ba. Ya zauna gaban farantin dankali da ganye har man zaitun ya kwanta. Gaba kura, baya sayaki. In ya yi shiru, an rufe ramin da ya ci da mu. In ya tsaya da gaske ya ce a bari, sai an tambaye shi dalili, kuma a garin nan dalili ɗaya ne zai sa mutum ya damu da wani yanki na teku. Na ce masa, "Ka yi kukan da suka ce. Wa ya sani, ko mutumin ya ji tausayi ya fasa duka." Ni ce na faɗi wannan, kuma a lokacin gani nake dabara ce.

Kwanakin da suka biyo baya garin ya koma gidan wasan kwaikwayo. Bepo ya sa aka fito da yagaggun raguna aka rataya a bakin tasha. Aka tattaro tsofaffin mata, aka ce su sa baƙaƙen kaya su zauna a layin gaba, duk da su dama ba su da wasu kayan. Aka hana kowa aske gemu. Mai kantin giya aka ce ya janye sabuwar motarsa bayan coci. Ni kuma aka ce ranar kada in ɗora komai a tebur sai ƙananan kifin nan marasa baftisma. Dakta Tihana tana wucewa tana gani, hankalinta ya tashi, har ta zo ta ce mini ba ta iya barci saboda abin da za ta jawo wa mutane. Na ba ta gasasshen kifi na ce ta ci, mutanen Morna ba su mutuwa da sauƙi.

Jami'in ya zo a jirgin safe, zai koma a na yamma. Ɗan gajere ne mai farin takalmi, teku ta wahalar da shi a hanya, ya sauko fuskarsa kamar ɗanyen zaitun. Aka zaunar da shi, aka ba shi ruwa. Bepo ya yi jawabin da aka ji har a kan tudu, ya ambaci kakanni, ya ambaci Waliyyi Nikola, ya ambaci marayu, sannan ya ce, "Ga dattijonmu, shi zai faɗi abin da ke ranmu."

Visko ya tashi da hula a hannu. Na ɗauka zai daburce, sai na ji yana magana a hankali, kamar shi kaɗai ne a ɗakin. Ya ce yana ɗan yaro ubansa ya fara kai shi wurin. Ya ce akwai inda ruwa yake canza launi in rana ta ɗaga, in ka sa tsinin dutsen daidai da kafaɗarka ta hagu to kana kai. Ya ce akwai wani tsohon kifi mai tabo a gefen baki, sau biyu yana kama shi yana saki, don ya girmi 'ya'yansa. Ya ce ranar da aka binne ubansa can ya tafi ya zauna, bai jefa komai ba. Ya ce shi bai san wani aiki ba, bai san wani ruwa ba, kuma shekarunsa sun wuce na koyo. Daga nan muryar ta karye. Mijina, wanda ban ga hawayensa ba ko ranar da aka yanke masa yatsa, ya tsaya gaban gari yana kuka har da majina.

Visko ya kwatanta musu hanyar ramin da bakinsa. Na dubi mazan, na ga babu wanda ya ji komai sai gwaninta. Wani yana cewa a hankali, "Ka ji wai har da kifi mai tabo. Kai, Visko ƙarshe ne."

Jami'in ya fito da hankici ya goge ido. Ya ce shi ma kakansa masunci ne. Ban taɓa ganin jami'in da kakansa ba masunci ba ne. Ya ce gwamnati ba ta zo don ta cire wa talaka burodi daga baki ba. Ya tashi ya nufi taswira, ya ɗora ɗan yatsa.

"Dakta, wannan filin na kusa da tasha fa? A rahotonki na ga ba mutum ɗaya da ya ce yana su a nan."

"Faranti ke nan, ranka ya daɗe. Ina ganin jirage a kai, amma duk wanda na tambaya sai ya ce hutawa suke tsayawa yi a hanyar dawowa."

"To madalla. A bar musu Akuya, a rufe Faranti. Hutu ai ana iya yinsa a gida."

Dakta ta ce Faranti ba komai a ƙasansa sai yashi da tsoffin kwalabe, iyayen kifin suna Akuya, in ba a kare su ba aikin banza aka yi. Ya ce mutane kafin kifi. Ya juyo yana murmushi, yana jiran tafi.

Wallahi da a ce ba raina ne a ciki ba, da na biya kuɗi don in ga fuskokin nan. Garin neman ƙiba an samo rama. Maza ashirin masu gemun sati guda, baki buɗe, ba mai iya cewa ai a Faranti muke ci, don sai ya ƙaryata kansa da ubansa da kakansa a gaban baƙo. Tsofaffin matan layin gaba, waɗanda ba su ji abin da aka ce ba, suka ga an yi shiru suka ɗauka lokacinsu ne, suka fara rera kuka.

Bepo ne ya fara farfaɗowa, a ba shi wannan. Ya miƙe, ya dafa ƙirji.

"Ranka ya daɗe, ka yi mana halacci, amma ba za mu karɓa ba. Me za mu gaya wa jikokinmu? Mu cinye teku mu bar musu kwalabe? Dakta ta yi gaskiya. A rufe Akuya. Mun yafe, mun sadaukar."

Nan take ɗaki ya cika da masoya kifi. Mutumin da na sani yana jefa nakiya a ruwa tun yana saurayi ya tashi yana magana a kan haƙƙin ƙwai. Wani ya ce shi dama ya daɗe yana jin kunyar kifin Akuya. Dakta Tihana ta rufe baki da hannu, idonta ya kawo ruwa, ta ce ba ta taɓa ganin al'umma irin wannan ba. Ta faɗi gaskiya ba ta sani ba.

Jami'in ya ɗaga hannu. "Na ji ku. Amma dattijon nan fa? Ba zan sa hannu a kan hawayensa ba. Ku je ku ci abinci. Kafin jirgi ya tashi ya zo ya gaya mini da bakinsa. In ya ce a rufe Akuya, a rufe, injin ƙanƙara kuma naku ne. In ya ce a bari, Faranti za a rufe."

Muna shiga gida na tura ƙofa na juyo kansa.

"Ka ji da kunnenka. Allah ya miƙo maka a hannu. Ka ce a bari."

Ya zauna a kan kujerar bakin murhu yana juya hula.

"Ka ce a bari, Visko. Su suka kashe Farantinsu, mu muka aike su? Shekara nawa kana ɗaukar kwando ɗaya kana barin goma, su suna kwashe har jarirai? Yanzu kai za ka biya musu? Me za mu ci? Kai ne za ka shiga cikin jirage ashirin kana kokawa a kan kifi kamar yatsa, da wannan bayan naka?"

"In na ce a bari," in ji shi, "gobe ina za su?"

"Oho musu."

"An rufe Faranti, an bar musu Akuya. Ina za su, Domina?"

Na ga inda ya dosa kuma ban so.

"Ko don haushi sai sun je. Da taru za su je. Bepo zai shimfiɗa raga daga wannan dutse zuwa wancan, kafin ƙarshen wata ba sauran ko ɗaya. Har mai tabon."

"To mai tabon ne zai biya mana wuta? Shi zai saya maka maganin baya?"

Na ce masa abubuwa da yawa a wannan tsakar rana, wasu a kan ubansa, wasu a kan kifin, kuma har yau ban janye ko ɗaya ba, don ni ce mai zuwa kanti. Ina cikin yi aka ƙwanƙwasa. Bepo ne, ya shigo ba a ce ya shigo ba, da kwalbar rakiya, barasar garinmu, a hannu. Ya tsiyaya wa kansa, ya tsiyaya wa Visko.

"Ɗan'uwa, wasa ya yi kyau, har ya so ya wuce gona da iri. Yanzu ka je ka ce wa mutumin nan ka haƙura."

Visko ya ce yana tunani.

"Tunanin me?" Bepo ya ajiye kofi. Karo na farko a rayuwata na ji muryarsa ta yi ƙasa. "Ka san tun ɗazu ina ta juya abin nan. Tsinin dutse daidai da kafaɗar hagu. Mutum ya ƙirƙiro wannan a tsaye, ba shiri? Ga kuma hotunan yarinyar nan." Ya dube shi, ya dube ni. "Ko dai akwai wani abu a Akuya?"

Visko ya ɗauki kofi ya shanye, ya goge baki da bayan hannu.

"Akwai mana. Ban gaya maka ba kullum? Ka tattara ragunanka gobe mu je tare, ka cika tanki."

Bepo ya tsura masa ido. Can ya fashe da dariyar da ta girgiza tagogi, ya ce, "Tsinanne, ka so ka sake ja na." Amma yana fita ya waiwayo ya sake dubanmu, kuma wannan duban ban so shi ba.

Visko ya sa hula. Ban bi shi ba, daga ƙofa na tsaya ina hangen bakin tasha. Na ga ya isa gaban mai farin takalmi, ya yi 'yar magana gajeriya, mutumin ya rungume shi. Na ga Dakta ta kama hannunsa da hannu biyu. Jirgi ya yi ƙara ya tashi.

Da yamma Dakta ta biyo ta gidanmu ta yi godiya. A bakinta na ji cewa dokar rufe Akuya ba za ta fara aiki ba sai an kawo gangunan shata iyaka da za a jera a kan ruwa da jirgin masu gadi, wato sai kaka. Kafin nan wurin a buɗe yake ga kowa. Na ce wa Visko to ai sai ya yi ta zuwa kafin a rufe, mu ɗan tara. Ya ce idon Bepo yana kansa yanzu, in ya nufi can sau ɗaya wannan karon ba za su juyo ba. Bai sake zuwa ba, ko sallama bai je ya yi wa wurin ba. Washegari ya bi ayari zuwa Faranti, ya dawo da abin da na ji kunyar ɗorawa a tebur, na soya mana.

Ranar Lahadi bayan an fito coci aka yi walima a bakin tasha, ta murnar an ci gwamnati da yaƙi. Aka jera tebura, aka gasa rago, tunda kifin da zai ishi gari babu. Kowa ya aske gemu, mai kantin giya ya dawo da motarsa. Aka sha don injin ƙanƙara, aka sha don jikoki, aka sha don lafiyar mai farin takalmi da kakansa masunci. Dakta ta riga ta tafi birni kai rahoto, saboda haka ba a jin nauyin kowa. Da giya ta fara aiki wani ya buga tebur.

"Visko, maimaita mana. Yadda ka yi wa mutumin nan."

Aka ɗauka gaba ɗaya, ana buga cokula a kofuna. Visko ya girgiza kai, ya ce ya manta. Bepo yana can kan tebur, bai buga cokali ba, kallonsa kawai yake yi.

"Haba ɗan'uwa," in ji shi. "Wasa ne fa. Ko ba wasa ba ne?"

Visko ya ture kujera ya miƙe, ya cire hula. Ya fara daga inda ya fara ranar, yana ɗan yaro a jirgin ubansa. Tun bai kai ga launin ruwa ba aka fara ƙyalƙyatawa. Da ya zo kan kifi mai tabo wani ya faɗo daga benci. Da ya ce bai san wani ruwa ba, muryar ta karye a daidai inda ta karye ranar, hawaye suka zubo, sai wurin ya kece. Maza suna dukan cinya, mata suna riƙe ciki, Fada yana goge ido da gefen riga yana cewa a bari haka kada a kashe shi.

Bepo bai yi dariya ba tukuna. Ya ɗauke ido daga kan Visko ya dawo da shi kaina, don ya san in akwai abin da za a gani, a fuskar matar za a gan shi. Kaka kuwa da saura, ganguna ba su zo ba, tarunsa yana nan a jirgi.

Sai na buɗe baki na yi dariya. Na yi ta da ƙarfi, na fi kowa, na buga tebur har kofina ya kife, na nuna mijina da yatsa na ce, "Ku dube shi, haka yake yi mini in na ce ya gyara rufi." Bepo ya saki jiki ya bushe da tasa dariyar, ya ɗaga kofi. Visko yana tsaye yana kuka, ni ina zaune ina dariya, har ya kai ƙarshen labarin aka yi masa tafi.